Ciniki ta waya da hulɗa da waɗanda ba Hausawa ba: tambayoyin da 'yan kasuwar Jos suka fi yi

Shekaru ke nan ina sayar da dankalin Turawa, acca da kayan lambu daga Jos zuwa Abuja da Legas. Rabin cinikin a kasuwar Farin Gada ta Jos ake yin sa, rabi a cikin waya. Tun da aka gane haka, da wuya mako ya wuce wani bai tare ni a bakin masallaci ko wurin biki da tambaya ba, kuma in ka saurara da kyau tambayoyin kusan ɗaya ne, baki ne kawai ke canzawa. Shi ya sa na tara su wuri guda, daga na mai shirin farawa har zuwa na mai sayo kaya daga Sin da mai son aikawa ƙetare. "Kai" nake cewa don sauƙin rubutu, amma gaskiya mata sun fi yawa a masu tambayar.

Ba ni da shago, waya kaɗai gare ni. Ta ina zan fara?

Sayi sabon layi, ka sauke WhatsApp Business a kansa. Kyauta ce, tun 2018 aka fito da ita domin ƙananan 'yan kasuwa. Za ka sa sunan sana'arka, unguwar da kake, lokacin da kake amsa saƙo, da katalog na kayanka, kowanne da hoto da farashi. Me ya sa sabon layi? Layin da gwaggonka ke turo maka wa'azi da sanarwar suna, a cikinsa saƙon mai son buhu biyar zai nutse, sai bayan kwana biyu ka gan shi, ya riga ya saya a wani wuri.

Sannan ka tsaya a kan haja ɗaya, ko biyu in ta kama. Wanda yau yake tallan turare, gobe takalmi, jibi fili a Rayfield, ba mai tuna shi ranar da bukata ta taso. So ake in an ce "mai acca" hankalin mutum ya faɗo kanka.

Facebook, Instagram da TikTok, wanne ya fi kawo ciniki?

Wa kake son ya saya? Magidanta da matan aure masu karanta Hausa a Jos, Bauchi, Kano ko Kaduna, a Facebook suke. Ma'aikatan Abuja na Gwarinpa, Wuse da Maitama, masu sayen sitiroberi da burokoli, Instagram suka fi leƙawa. TikTok 'yan kallo take tarawa, dubbai su kalla, 'yan tsiraru su tambayi farashi, amma tana sa a san sunanka. Duk ukun dai hanya ce. A WhatsApp ciniki yake faɗawa, don haka kada talla ya fita ba lambarka.

Kuma dukkansu rumfar aro ce. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp suka ɗauke baki ɗaya kusan awa shida, domin kamfani ɗaya ke da su. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yuni 2021 har Janairu 2022, masu sana'a a can suka wayi gari ba wurin baza kaya. Ni ina da littafi mai bango mai ƙarfi da nake rubuta sunan kowane kwastoma, lambarsa, garinsu da abin da ya saba saya. Ana yi mini dariya a kai, ban fasa ba.

Wayata ba mai tsada ba ce. Yaya zan yi hotona ya yi kyau?

Goge gilashin kyamara da bakin riga, ka fito ƙofar ɗaki da hantsi, inda akwai haske amma rana ba ta dukan kayan kai tsaye. Shimfiɗa farin kwali ko tsabtataccen buhu. Kada ka kunna fitilar waya, tana canza wa shadda launi, mai saye ya ce ba ita ya zaɓa ba. Ajiye abin da kowa ya san girmansa kusa da kayan, ƙwai ko kwalin ashana, don a gane girman dankalin.

Abin da ya fi kawo mini ciniki shi ne bidiyon zazzage buhu. Kowa ya san halin kasuwa: manya a baki, 'yan mitsi-mitsi a gindi. Sai in sa yaro ya kwance buhu ya juye shi ƙasa a gaban kyamara ba tare da an yanke ɗauka ba, in sa hannu in tono daga tsakiya, in yanka ɗaya a ga cikinsa. Daƙiƙa talatin ke nan, amma ya fi rantsuwa goma. Hoton da ka kwaso daga intanet kuwa, ranar da kaya suka isa ita ce ranar rabuwarku.

In rubuta farashi a kan talla, ko in ce mai so ya biyo ni ta inbos?

Rubuta. Na san dalilan masu ɓoyewa: kada maƙwabci ya gani ya karya, kada kaya su tashi gobe, ko a ga irin mutumin kafin a yanka masa kuɗi. A rumfa wannan yana da ma'ana. Mai saye zai taya, ka ce albarka, ya ƙara, ya yi kamar zai wuce, ka kira shi, a ƙarshe ka sallama har ka yi masa gyara. Duk wannan fuska ce ke ɗauke da shi, yana ganin murmushinka, kana satar kallon takalminsa. A waya ba fuska. Matar da ke ofis a Garki ta ga talla goma cikin minti ɗaya, wanda ya sa farashi shi za ta yi wa magana. Sauran ta ɗauka ko tsada ce ta yi yawa, ko kowa da kuɗin da ake yanka masa.

Hawa da saukar farashi kuwa, musamman tun da aka saki naira a Yuni 2023, maganinsa kwanan wata: "Farashin yau Talata ne, yana iya canzawa." Ka ware kuɗin kaya daban, kuɗin aike daban. In kana son barin wurin tayi, bar shi a sari: mai ɗaukar buhu goma ya san zai samu ragi, faɗa masa nawa tun farko. Sai dai farashi ba ma'auni rabin magana ne, ga tambaya ta gaba.

Na ce mudu, ta ce abin da ya iso bai kai mudu ba. Laifin wa?

Naka, tunda kai ne mai talla. Mudun Jos daban, tiyar Kano daban, kongon Ibadan daban, robar fenti da ake awo da ita a Abuja da Legas ma wani ya yi mata tozo, wani ya share baki. Buhu kuwa ba a magana. Sayi sikeli, ka rubuta "mudu ɗaya, kilo kaza", ka ɗauki hoton kayan a kan sikelin kafin ka ɗaure. Masu atamfa su faɗi yadi, domin wanda ba Bahaushe ba bai san mene ne turmi ba.

Da Hausa zan yi talla ko da Turanci?

A Jos Hausa ta kowa ce. Birom, Afizere, Anaguta, Angas, Mwaghavul, Tarok, har Ibo da Yarabawan da aka haifa a nan, da ita ake ciniki, da ita ake waƙa a coci da yawa. Saboda haka kada ka ɗauka duk wanda ya rubuto maka da Hausa Bahaushe ne ko Musulmi. Bari ya fara gaisuwa, ka amsa da irin tasa: mai sallama a amsa masa sallama, mai "sannu da aiki" a ce masa "yauwa, sannu kadai". Kada ka kira mace Hajiya sai ka ji ana kiranta haka. Madam ko mama sun fi aminci.

Ga Abuja da kudu, yi layi biyu, Hausa a sama, Turanci mai sauƙi a ƙasa. Ba sai ka iya Turancin jami'a ba: sunan kaya, ma'auni, farashi, ranar isowa. Saƙon murya yana da daɗi da wanda kuka saba, shi ne ma gatan kwastoman da bokonsa bai yi zurfi ba, amma duk abin da ya shafi kuɗi da rana a rubuta shi bayan an gama magana. Dalilin yana cikin amsar "gobe in sha Allah" a ƙasa.

Wasu kwastomomi ba sa yarda su shigo unguwarmu karɓar kaya. In yi fushi?

A'a. Duk ɗan Jos ya san tun rikicin Satumba 2001 zaman garin ya rabu. Akwai wanda ya yi shekara ashirin bai taka Unguwar Rogo ko Gangare ba, akwai wanda shi ma ba ya shiga Tudun Wada ko Jenta. Tsoro ne ya gada. Ba shi mahaɗa inda kowa ke zuwa, Taminus ko titin Ahmadu Bello, ko ka aika mai keke. Sau da yawa wanda ya karɓa sau uku a Taminus, na huɗu da ƙafarsa zai zo har ƙofa.

Layin kasuwa kuma a raba shi da siyasa da gardamar addini. Sitatus ɗaya na zafin rai ranar da gari ya ɗau ɗumi zai kore maka mutanen da ka shekara kana tarawa, ba kuma wanda zai faɗa maka dalili. Ka dai san kalandar kowa: azumi da Sallah biyu, Kirsimeti da Ista. Mai kabeji da karas ya san Disamba kakarsa ce.

Sau nawa zan sa sitatus, kuma me ya sa burodkas ɗina ba ya isa ga mutane?

Sitatus awa 24 yake yi, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna ke ganinsa. Burodkas, wato saƙo ɗaya da ake tura wa mutane da yawa a lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka a jeri ɗaya, shi ma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai samu ba. Don haka duk wanda ya saya, roƙe shi ya ajiye lambar. Hoto uku zuwa biyar masu kyau a yini sun isa. Mai jera arba'in toshe shi ake yi a yi shiru. Kada ka jefa mutane cikin guruf ba izininsu, kada kuma ka ba wani lambobin kwastomominka. Ban da rashin ladabi, akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023.

Biyan Facebook kuɗin talla yana aiki, ko asara ce?

Yana yi wa wanda ya riga ya san tallan da ke ja. Dubi abin da ka sa a wata guda, ka zaɓi wanda ya fi jawo tambaya ba ka biya ko kwabo ba, shi za ka sa wa kuɗi. Ƙuntata wurin: in Abuja kake kai kaya, zaɓi Abuja kaɗai, kada mutumin Kalaba ya cinye maka kuɗi da kallo. Zaɓi tallan da maɓallinsa ke kawo mutum WhatsApp kai tsaye. Fara da kuɗin da in sun tafi ba za su hana ka barci ba, ka bar shi kwana huɗu ko biyar. Tun Janairu 2022 Meta, kamfanin da ke da Facebook, na ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin talla a Najeriya, sa shi a lissafi.

Lissafin kuma ɗaya ne: nawa na kashe, mutum nawa suka saya, nawa ribar. Laik ba ya cefane. In mai mabiya da yawa za ka biya ya yi maka talla, tambaye shi a wane gari mabiyan suke, ka ba shi wata kalma da masu zuwa ta wajensa za su faɗa a yi musu ragi. Da ita za ka san ko ya ci la'adarsa da gumi.

Kwastoma ya ce sai kaya sun iso zai biya, ni kuma ina tsoro. Wa zai fara yarda?

Ku raba tsoron biyu. Ya ba da kafin alƙalami, aƙalla abin da zai rufe kuɗin mota zuwa da dawowa, ya cika in kaya sun iso. Kayan da ke lalacewa, kamar sitiroberi da latas, ni sai an biya duka, kuma tun farko nake faɗa. Ka yi masa uzuri, wataƙila shi ma an taɓa cinye masa kuɗi a intanet. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne sunan asusun banki ya zo ɗaya da sunan da ke kan talla (duba amsar rajista), kuma ka yarda da kiran bidiyo ya gan ka tsaye cikin kayanka.

Ta ɓangarenka, hoton rasit da tes ɗin alat duk ana ƙera su. An taɓa yi mini: wani ya turo rasit na buhu shida, ga sunana, ga adadi, har da tambarin banki, yana ta kira wai mota za ta tashi. Na loda. Har yau kuɗin suna hanya. Tun daga nan sai na buɗe manhajar banki na ga kuɗi sun zauna da idona, ko da direba zai fasa hon. Haka duk wanda ya ce ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka ta tes, WhatsApp ɗinka yake son sacewa ya roƙi kwastomominka kuɗi da sunanka. Shiga saitin WhatsApp ka kunna makulli na biyu, wato lambar sirri ta ƙarin tsaro, yau.

Yaya ake aika kaya daga Jos zuwa Abuja su isa lafiya?

Yawancinmu tasha muke kaiwa a yi webil, wato a ba direba kayan ya kai. Motar da ta bi ta Akwanga da Keffi takan yi awa huɗu zuwa biyar in hanya ta yi kyau, cunkoson Mararaba da Nyanya kuma ba ya cikin alkawari. Kayan lambu a motar farko ta asuba. Sanyin Jos yana ruɗin mutum: latas ɗin da ya kwana garau a nan, in ya gangara Akwanga da rana a cikin leda, dafaffe zai isa. A sa a kwali mai huji ko kwando. Sitiroberin ƙauyen Chaha a jera shi a ƙananan robobi marasa zurfi, kada a ɗora komai a kai.

Rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin kwalin da manyan baƙaƙe. Ɗauki hoton kayan a cikin mota da lambar motar, ka tura wa kwastoma tare da lambar direba da sunan tashar da zai sauka, domin Jabi daban, Nyanya daban, kuma kuɗin mai babur daga can zuwa Kubwa ba ƙarami ba ne. Ku yanke tun farko wa zai biya shi. A nan yawancin rigima take tashi.

Dole ne in yi rajista da gwamnati?

In da wani suna kake ciniki wanda ba naka na yanka ba, doka ta ce ka yi masa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, kuma ta intanet ake yi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Ribar a fili take: asusun banki da sunan sana'a, wanda otal ko babban kanti a Abuja zai nema kafin ya saya a hannunka. In kuma kana ƙulla abinci a leda ko kwalba da tambarinka, garin acca, yaji, zuma, ko man shafawa da maganin gargajiya, wannan hurumin NAFDAC ne, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. A kuma kiyaye baki. Ana yawan tallan acca ga masu ciwon suga. Ka ce abinci ne mai kyau ka tsaya nan, kada ka kira shi magani.

Na fara samun masu sari daga Anacha da Legas. Me ya kamata in sani?

Da farko, sunan nan da muka saba kiran Ibo da shi, bar shi. Ba sa so, kuma da yawansu suna jin Hausa. Ɗan kasuwar Anacha ko Aba yakan tafi kan magana kai tsaye: nawa, guda nawa, yaushe. In bai tambayi iyali da gajiya ba kada ka ɗauka raini ne, lokaci yake tattali. In kayanka na baya ba su yi ba, a fuska zai faɗa, gobe kuma ya dawo ya saya. Mu ne muke riƙe irin wannan a zuci. Sau da yawa mai kiranka yaron shago ne da ke koyon sana'a a hannun ubangidansa, wanda bayan shekaru za a sallame shi da jari. Mutunta shi, shi ne babban mai sarinka na gaba. In ka je gidan Ibo aka kawo goro, kada ka kai hannu ka ɓare kamar a gida, sai an yi addu'a a kansa, mai gida ko babba ya fasa.

A wajen Yarabawa girma na gaba da komai. Matan da ke riƙe da sari a kasuwar Mile 12 ta Legas ko Bodija ta Ibadan, fara da gaisuwa, da "ma" a bakinka, kada ka kira babba da gundarin sunansa, kada ka miƙa kuɗi da hagu. Duk ba baƙo ba ne a wurinmu. Bisa yawanci dai nake magana. Na ga Ibo mai doguwar gaisuwa, na ga Bahaushen da ba ya amsa sallama in kuɗi suka shiga tsakani.

Na ce wa kwastoma "gobe in sha Allah", kaya suka kai jibi, ya ce na yi masa ƙarya. Ina laifina?

A nan muka fi asarar mutane, ba mu ma sani ba. Mu da kunya aka raine mu. Ba ma son cewa "a'a" ƙiri-ƙiri, sai mu ce "bari mu gani", "ba matsala", "ana nan ana ƙoƙari". Bahaushe ɗan'uwanka ya san fassarar kowanne, ya san "sai na duba" sau da yawa sallama ce. Baturen Ingila, ko Bajamushe, ko ma'aikaciyar banki a Legas, kalmar suke ɗauka yadda ta fito. Ka ce gobe, sun rubuta gobe, har sun yi wa wani alkawari a kan gobenka.

Ba cewa nake ka bar in sha Allah ba, Musulmi ba ya alkawarin gobe sai da ita. Haɗa ta da rana da awa: "Alhamis kafin ƙarfe biyu, in sha Allah." Ƙara kwana ɗaya a kan abin da kake zato, saboda mota da ruwan sama. In ka ga ba za ta yiwu ba, kai za ka fara kira tun lokacin bai cika ba, ka faɗi sabuwar rana. Mafi muni shi ne abin da muka fi yi: nauyi ya sa ka ƙi ɗaukar waya. Kai kunya kake ji, shi kuwa a wurinsa ɓarawo ya gudu da kuɗi.

In ba ka da kaya, ce babu. In tayin bai yi maka ba, faɗa cikin ladabi. Bayan kowace waya tura gajeren saƙo: kaya kaza, kilo kaza, naira kaza, rana kaza, wane ke biyan mota, ka ce ya amsa da "na yarda". Kada ka ji kamar ka zarge shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, cewa ta yi a rubuta bashi.

Da mutanen Nijar ai harshe ɗaya muke, akwai abin lura?

Akwai, kuma a lissafi yake. A wurinmu jaka ɗaya naira 200 ce. A Maraɗi ko Damagaram jaka sefa 1,000 ce, kuma da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5. In ya ce "ɗari", dala ɗari yake nufi, wato sefa 500. Rubuta adadi da lambobi, ka sa naira ko sefa a gabansa, ku kuma yanke canjin wace rana za a bi. Takardunsu da Faransanci suke, inda waƙafi ke zaman ɗigo a cikin lamba: 1,5 ɗaya da rabi ne.

Ina so in fara sayo kaya daga Sin ba tare da na je ba. Ta yaya?

Dandalin ciniki na intanet Alibaba domin masu saye daga waje aka yi shi, kuma yana da tsarin da zai ba ka damar kai ƙara in kaya ba su zo yadda aka yi alkawari ba, muddin a cikin dandalin ka biya. Wanda ya ce ka turo kuɗi ta gefe ya rage maka, daga inuwa yake son fitar da kai. Wani dandalin mai suna 1688 ya fi araha, amma na cikin gida ne, da Sinanci, yawanci sai da wakili. Nemi samfur tukuna, ko da kuɗin kawo shi ya fi kuɗinsa. Masu dakon jirgin sama da kilo suke caji, na ruwa da girman wurin da kaya suka ci. Ranar da ka kai ga shigo da kaya da sunanka, sai da Fom M, takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki.

Sin tana gabanmu da awa bakwai: ƙarfe tara na safe a Jos, huɗu na yamma ne a Guangzhou. Bayan sallar asuba ne lokacin magana da su, kuma a manhajar hira ta WeChat suke. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu su rufe makonni, ga kuma hutun mako guda a farkon Oktoba. Mai son kayan Sallah ya lissafa da wannan. In ka samu hali, baje kolin Canton ana buɗe shi a Guangzhou sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, tun 1957 ake yi.

A ɗabi'a kuwa sun fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Su ma ba sa son cewa "a'a" kai tsaye, ba sa son a kunyata su a gaban mutane. "To" ɗinsu sau da yawa "na ji" ne kawai; ka ga abin da muke yi wa wasu an yi mana (koma amsar in sha Allah). Maimakon ka tambaya "za ku iya?", ce su turo launi, awo da nauyi a rubuce, da hoto. In an yi kuskure, yi magana da mutumin shi kaɗai, ba a guruf ba. Ana karɓar katin kasuwanci da hannu biyu, kuma ba a ba su kyautar agogon bango, domin furucin "ba da agogo" a harshensu ya yi kama da na rakiyar gawa.

'Yan'uwa a Ingila da Amurka suna neman acca da yaji. Zan iya mayar da shi sana'a?

Za ka iya, amma ƙullin da ake ba matafiyi daban, fitar da kaya daban. Na biyun yana farawa da rajistar CAC da muka yi magana a sama, sai rajista a Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, NEPC, mai hedikwata a Maitama, sannan fom NXP, takardar fitar da kaya da ake cikewa ta banki.

Abin da ya fi sa a maido da kayanmu daga can shi ne ƙazanta da maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a ciki, irin wanda ake zubawa a sito don kada wake ya huje. Kilishi da sauran nama kuwa, Amurka da Ingila ba sa barin matafiyi daga nan ya shiga da su a jaka. Acca ta kasance an wanke mata yashi sarai ta bushe ƙarau, ba mai tsayawa regaya a Landan. A jikin leda a sa suna, abin da ke ciki, nauyi da giram, ranar ƙullawa da ranar lalacewa. A kula da rubutun ranar: 03/04 a Ingila 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Rubuta sunan watan da haruffa.